Darussana Sun Cakuɗe a WhatsApp, Yaya Zan Tsara Su?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina koyar da ɗinki ta WhatsApp, na tura bidiyo sun kai 30. Sababbin ɗalibai ba sa ganin na baya, tsofaffin kuwa kullum sai "Malama, a sake turo darasin yanka hannun riga." Ina mafita?
— Wata mai koyarwa daga Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Kada ki ga laifin ɗaliban. WhatsApp zauren hira ne, darasi da barka da Juma'a duk layi ɗaya suke bi, sabon saƙo ya ture tsoho.

Kafin ki sauke wata manhaja, ɗauki biro da takarda. Ki raba darussan nan yadda kike koyar da yarinyar da ke zaune gabanki a shago: awo tukuna, sai yanka, sai haɗawa a keke, sannan ƙarasawa da guga. Kowane bidiyo ya faɗa kashi ɗaya. Wanda ya ƙi shiga ko'ina, galibi darussa biyu ne kika haɗa, sai ki raba shi.

Suna ma aiki ne. Ki rubuta "02-03 Yanka hannun riga", wato kashi na 2, darasi na 3. Sifilin nan na gaba ba ado ba ne: in babu shi, wasu manhajoji kan jera 10 kafin 2.

Wurin ajiya kuwa, ni Telegram zan zaɓar miki. Ki buɗe tasha wadda ke kaɗai ke turawa. Duk wadda ta shigo ko bayan shekara ne za ta tarar da komai tun daga farko, kuma fayil ɗaya na iya kai 2GB. Ki rubuta jerin darussan da mahaɗin kowanne a saƙo guda, ki maƙala shi a sama. Google Classroom ma yana jera darussa ƙarƙashin kanu, sai dai bidiyonki za su ci daga 15GB ɗin da Google ke bayarwa kyauta, wanda Gmail da hotunanki suke ci daga ciki.

Ki tausaya wa datar ɗalibai. Minti 5 zuwa 10 ya isa darasi, kuma ingancin hoto na 720p, wato matsakaici, ya wadatar a ga bakin allura. Babban inganci irin 4K ɓarnar kuɗi ce kawai.

Rukunin WhatsApp ɗin kada ki rufe shi. Ki bar shi don tambayoyi da hotunan abin da suka ɗinka, in an ce a sake turo hannun riga, ki amsa da "02-03".