Irin itacen kaki da ya ƙi tsirowa

Ɗana, na ga tiren da ka ajiye a bayan rumfa, tambayarka kuma ta iso ni. Ka ce wata uku ke nan da ka shuka 'ya'yan itacen kaki, kana ba su ruwa safe da yamma, amma ko ɗaya bai leƙo ba, kana so ka san ko irin ne ya mutu ko kuwa taki ne ya gaza. Na tono guda biyar na duba a tafin hannuna. Da ransu. Suna nan cikin rigar da ka tsinko su da ita daga reshe, kuma rigar ce ta hana su fitowa.

Ɗauki ɗaya ka murza. Girmansa bai wuce ƙwayar masoro ba. Wannan abu mai launin toka da ya manne maka a yatsa kaki ne, kuma ruwa ba ya ratsa kaki ko da za ka shekara kana zubawa. Saboda shi Turawan nan Amurka suke ce wa itacen wax myrtle. Masanin tsirrai Linnaeus ya rubuta shi da sunan Myrica cerifera a 1753, a 1903 kuma aka mayar da shi Morella cerifera. Kalmar ta biyu ma'anarta mai ɗauke da kaki. Za ka riƙa cin karo da sunayen biyu a takardun masu kawo mana kaya, kada su ruɗe ka, itace ɗaya ne.

A daji babu mai wanke masa iri, amma ga shi ya cika gefen fadamu da tuddan rairayi na bakin teku, tun daga Niyu Jasi, ya biyo Karolina da nan Jojiya, ya gangara Fulorida, ya yi yamma har Tekzas, ana kuma samun sa a Amurka ta Tsakiya da tsibiran Karibiyan. Tsuntsaye ne ke yi masa aikin. Ka lura da ɗan ƙaramin tsuntsun nan mai tabon rawaya a saman gindin wutsiya, wanda ke cika mana shinge da hunturu? Yana cikin 'yan tsirarun tsuntsayen da cikinsu ke iya narkar da kaki. Idan ya haɗiye ɗan itacen, kakin ya zama abincinsa, ƙwayar ta fito tsirara tare da kashinsa, ta faɗi a ƙarƙashin reshen da ya sauka. Nan za ta kwanta cikin laima da sanyi har hunturu ya wuce, sannan ta tsiro. Kai da ka tashi kana ganin gawo yana fitowa a inda awaki suka yi makwanci, wannan ba baƙon abu ba ne a wurinka.

To, a gidan renon tsirran nan kai ne za ka yi aikin tsuntsun, kai ne kuma za ka yi aikin hunturun. Ana tsinkar 'ya'yan idan sun nuna sun yi toka-toka, wajen Oktoba zuwa Nuwamba. Ka jiƙa su a ruwan ɗumi da ɗan sabulun wanke-wanke, ka goga su a kan rariyar waya har sai sun bar santsi, ka ji kaushin ƙwayar a yatsanka. Ruwan ɗumi na ce, ba tafasasshe ba. Tafasawa aikin masu kyandir ne. Turawan da suka fara zama a gaɓar nan haka suke yi, su dafa 'ya'yan a tukunya, kakin ya taso sama, su kwashe, su yi kyandir mai launin kore-kore wanda ke barin ƙanshi a ɗaki idan an hure shi. Amma irin da ya shiga wannan tukunya ya gama yawo. Bayan ka wanke, ka gauraya su da rairayi mai laima, ka ƙulle a leda, ka sa a firiji, ɓangaren da ba ya ƙanƙara, wajen digiri 4 a ma'aunin Selsiyas, na tsawon wata biyu zuwa uku. Sannan ka shuka, kada ka binne da zurfi.

Batun taki kuwa, ajiye buhun. Je ka zare ɗaya daga cikin manyan da ke tukunya, ka kakkaɓe ƙasar. Za ka ga ƙulle-ƙulle sun taru a jikin saiwa. Ba ciwo ba ne, kada ka kankare. Wasu ƙwayoyin bakteriya ne da ake kira Frankia suke zaune a ciki, suna ɗauko naitrojin, sinadarin nan na taki, daga iska suna ba itacen, kamar yadda saiwar gyaɗa da wake ke yi, sai dai nasu ƙwayoyin daban ne. Shi ya sa yake yin shar a farin rairayin da masara ba za ta kai gwiwa ba. Idan ka ɗura masa takin zamani, tsawo zai yi da rassa masu laushi, alhali dama itacensa bai da ƙwari, iska ko ƙanƙara na zuwa sai ka tarar ya tsage. Abin da ya fi damunsa shi ne ƙasa mai farar ƙasa. Ya fi son mai ɗan tsami. Idan ka ga ganyen ya koma rawaya amma jijiyoyinsa na nan kore, musamman kusa da siminti, sinadarin ƙarfe ne ya kasa samu daga ƙasar. Ruwa kuma, shekarar farko bayan dashe kada ka bar shi da ƙishi. Daga nan yana jure fari, yana jure kwanciyar ruwa, yana jure iskar gishiri ta bakin teku.

Akwai abin da ba ka tambaya ba, kuma shi ya fi cin mutum a sana'ar nan. Itacen nan da namiji da mace, kamar gwanda da dabino. Mace ce kaɗai ke 'ya'ya, kuma sai da namiji a kusa, don iska ce ke kai mata garin fure. Wanda ya fito daga iri ba za ka san ko wane ne ba sai ya girma ya yi fure. Farkon zuwana na yi wa wata dattijuwa shinge, ita kuwa don tsuntsaye take so. Na yanko rassan dashe duka daga wani itace guda da ya burge ni da cikar ganye, ban tsaya na ga ko yana 'ya'ya ba. Namiji ne. Shekara uku matar nan tana jira, shinge ya yi kyau, babu ko ƙwaya ɗaya. Na je na ba ta haƙuri, na tumɓuke rabi na maye su da itatuwa mata da kuɗina. Tun daga ranar, duk kaka sai na zaga na ɗaura jan zare a kan kowace mai 'ya'ya. Reshen da ka yanka daga mace ka kafa, ko tohon da ya fito daga saiwarta ka raba, mace zai zama. Idan mai saye ya ce 'ya'ya yake so, daga layin jan zare za ka ba shi, ka haɗa masa da namiji ɗaya. Ka kuma gaya masa furen a kan reshen bara yake fitowa, wanda ya aske shingen tas kafin fure ya aske 'ya'yan bana.

Kafin ka loda wa kowa a mota, ka tambaye shi inda zai dasa. Murza ganyen ka sunsuna, ka juya bayansa ka ga ɗige-ɗigen rawaya. Man da ke ba shi wannan ƙanshi shi ke sa ya kama wuta da sauri. Itacen bai damu ba, bayan gobara saiwarsa za ta sake toho, amma gidan katako ba ya toho. Yana kuma kai mita 3 zuwa 6 idan an ƙyale shi, don haka a ja shi nesa da bango da wurin gashin nama.

Gobe da safe ka kawo tiren wurin famfo. Za mu tace ƙasar, mu ware waɗanda suka ruɓe, mu wanke sauran. Ka zo da rariya da leda, ka kuma rubuta kwanan wata a jikin ledar kafin ta shiga firiji.