Amsa ga ɗan'uwan da ya tambayi inda zai riƙa gudu a duwatsun wajen Jos

Wa alaikumus salam. Malam na ga tambayarka tun jiya da dare, ka ce aiki ya dawo da kai Jos daga Kano, can kana yin kilomita 10 kusan kullum, yanzu kana so ka san hanyoyin da ake bi a wajen gari cikin duwatsu. Na ga wasu sun ce maka kawai ka tafi filin wasa na Rwang Pam ka yi ta zagaye, to ba laifi, amma wanda ya zo Jos ya ƙare a zagayen fili gaskiya an cuce shi. Bari in ba ka nawa, na daɗe ina wannan wahalar.

Kilomita 10 ɗinka ta Kano ka ajiye ta a gefe tukuna. Ba raini ba ne wallahi. Kano ba ta kai mita 500 sama da teku ba kuma shimfiɗe take, Jos kuwa tana wajen mita 1,200, ga shi duk inda ka nufa ko hawa kake ko gangara. Satinka na farko za ka ji ƙirjinka kamar an ɗora maka bulo, za ka yi ta haki a wurin da kake ganin ai wannan ba komai ba ne, kar ka tsorata lafiyarka ƙalau, jiki ne yake neman sabawa da iskar tudu, ka ba shi sati biyu zuwa uku. Ni abin da nake gaya wa duk sabon zuwa shi ne ya daina kallon kilomita a waya, ya riƙa ƙirga minti. Ka ce yau minti 40 zan yi, in ka ci 20 ka juyo, ko ina ka kai.

Hanyar da na fi so, kuma ita zan ce ka fara da ita, ita ce ta Lamingo. In ka kama titin da ke zuwa asibitin koyarwa na JUTH za ka ga gari yana raguwa a hankali, duwatsun Shere na gabanka ta gabas, ga dam ɗin da ake ba gari ruwa daga shi. Daɗinta shi ne tana ba ka zaɓi, akwai kwalta ga mai son kwalta, in ka sauka gefe kuma ga burji ga ƙananan turbobi da manoma ke bi zuwa gonakinsu. Hawan farko ba mai tsanani ba ne, irin wanda yake cin mutum a hankali ne, ba za ka san kana hawa ba sai ka waiwayo ka ga rufin kwanon gari duk a ƙasanka. Da asuba lokacin damina hazo yakan kwanta a kan ruwan dam, ka ji ba ƙarar komai sai takunka da kukan zakaru daga ƙauye, kai wannan wurin ko ba don gudu ba ya isa a je.

Amma Shere ɗin kanta, kar ka ce za ka hau ƙololuwa da gudu. Mafi tsawon cikinsu ya kai wajen mita 1,829, kuma daga wani wuri ba gudu ba ne kuma, rarrafe ne da hannu da ƙafa a tsakanin manyan duwatsu. Can ne ma makarantar horon nan take wadda mutane ke ce wa Man O' War, su aikinsu ke nan kai mutane hawa. In kana sha'awar ƙololuwa ka ware mata rana daban, ka tafi da wanda ya san hanya, ka ɗauke ta a matsayin yawo ba tirenin ba.

Ta ɓangaren Naraguta ma akwai tudu masu kyau bayan jami'a, gajeru ne amma a tsaye suke, nan nake zuwa in ina son abin da muke kira maimaici, wato ka samu hawa ɗaya na kamar minti ɗaya ko biyu, ka hau da ƙarfi ka sauko da tafiya, sau biyar sau shida, ka koma gida ƙafa na rawa. Rayfield kuma ta fi sauƙi, titi mai kyau, hawa da sauka kaɗan-kaɗan, nan manya masu rage tumbi suke zuwa. Sai dai ka kula da tafkunan da ke wannan yankin har zuwa Bukuru, ramukan haƙar kuza ne tun zamanin Turawa da ruwa ya cika, bakinsu yakan zabtare kuma zurfinsu ba a magana, kar zafin gudu ya sa ka ce bari in ɗan watsa ruwa. An sha rasa mutane a irinsu.

To yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne. Kowa tsoron hawa yake yi, alhali gangara ce ke kai mutum wurin mai ɗori. Hawa zai gajiyar da kai ne kawai, ka rage taku, ka ɗan sunkuyo gaba kaɗan, ka yi aiki da hannuwa, in ya fi ƙarfinka ka taka da ƙafa ba abin kunya ba ne. Gangara kuwa daɗi take yi, jiki ya saki, ka ji kai ne wane, kana ta buɗe ƙafa kana dira da dunduniya, duk nauyinka na sauka a gwiwa da cinya. Ni a haka na samu nawa. Wata Asabar ƙarshen damina ina saukowa ta wata turba, ƙasa ta bushe a sama amma akwai ƴan tsakuwa ƙanana a kan fako kamar an zuba gero, na ɗora ƙafar dama kawai sai na ji ta tafi, idon sawu ya juya, na tafi da gefe na faɗa cikin shingen ƙerana. In ba ka san ƙerana ba, ita ce wannan mai ƙaya da mutanen nan ke kewaye gona da gida da ita, in ta karye tana fitar da farin ruwa kamar madara. Ruwan ya taɓa min hannu, ni kuma da wauta na kai hannun na share gumi, Malam ban taɓa jin raɗaɗi irin na ranar ba, na manta da ƙafar ma gaba ɗaya. Wata tsohuwa da ke aiki a gonarta ce ta zo da ruwa a galan ta yi ta zuba min a fuska tana faɗa da yarensu, daga baya ta koma Hausa ta ce wa ya aike ka, ɗanta kuma ya ɗauko mashin ya fito da ni bakin titi. Sati shida ban yi gudu ba. Tun daga ranar in zan sauka gajeren taku nake yi da sauri-sauri, ido na kallon taku uku a gaba, kuma na daina sa kambas mai sulɓin ƙasa, ka je gwanjo ka juya takalmin ka duba ƙasansa, in ba shi da haƙora ka ajiye.

Lokaci kuma, bayan sallar asuba in gari ya fara wayewa shi ne daidai, kar ka shiga turba da duhu. Disamba da Janairu sanyin nan ba wasa ba ne, ka sa riga biyu da hular sanyi, bayan minti goma za ka cire ɗaya ka ɗaura a ƙugu. Yuli da Agusta ruwa ba ya sallama, dutse in ya jiƙe ya yi gansakuka santsinsa ya fi sabulu, kuma in ka ji tsawa kana kan tudu ka sauko kawai, wani lokacin har ƙanƙara ake yi.

Sai maganar da ba a so a faɗa amma dole. Ka san tarihin garin nan, an sha rikici, kuma har yanzu akwai unguwa da ƙauyen da baƙo bai kamata ya faɗa shi kaɗai da sassafe yana gudu ba, ta kowane ɓangare. Ba ina tsorata ka ba ne, mu muna fita da Musulmi da Kirista tare kuma lafiya muke dawowa, amma ka fara bin waɗanda aka san fuskarsu a hanyar, ka gai da duk wanda ka wuce, sannu da aiki ba ta cin kuɗi, kar ka ratsa ta cikin shukar mutane, in ka haɗu da garken shanu ka tsaya su wuce. Karnukan ƙauye ma in sun taso kar ka ƙara gudu, ka tsaya ka sunkuya kamar za ka ɗauki dutse, yawanci suna komawa. In an ce gari ba lafiya kuma, to ranar filin wasan da aka ce maka ya wadatar. Ka riƙe waya da caji, da ɗan kuɗin keke, da fiya wata ko ɗaya, ka kuma gaya wa na gida ta inda ka bi.

Wata rana za ka ga wasu yara sirara sun wuce ka a hawa kamar kana tsaye, suna hira ma abinsu, kar ka ce za ka bi su. Jihar nan, musamman wajen Pankshin, ita ke fitar da yawancin masu dogon gudun ƙasar nan, in ka duba gasar Legas ta kilomita 42 da aka fara a 2016, a ɓangaren ƴan Najeriya kusan kullum ƴan Filato ne a gaba. Ni na taɓa gwada bin wasu, ko minti uku ban yi ba na tsaya na dafa gwiwa.

Muna fita ta Lamingo duk Asabar in Allah ya kai mu, mu biyar ne wani lokacin shida, akwai mai shekara sama da 50 a cikinmu don haka ba za a bar ka a baya ba. In kana so ka yi min magana ta inbos in faɗa maka inda muke haɗuwa, ka zo da rigar sanyi.