Amsa ga ɗan uwanmu da yake tunanin barin kamfani ya koma NGO

Assalamu alaikum jama'a. Ɗan uwa mai tambaya, na karanta bayaninka. Ka ce shekara shida kana aiki a wani kamfani a Wuse 2, albashi bai motsa ba tun kafin a cire tallafin mai, kana zaune a Mararaba da iyali, duk Lahadi da yamma sai ka ji gabanka yana faɗuwa saboda gobe Litinin, yanzu kuma wata NGO, wato ƙungiya mai zaman kanta, ta neme ka da kwantiragin shekara ɗaya kuɗin ya kusa ninka naka, shine kake tambaya ka tafi ko ka zauna. Na ga wasu sun ce ka yi haƙuri kawai aiki ya yi wuya a ƙasar nan, wasu kuma sun ce ka gudu tun da wuri. Bari ni ma in faɗi nawa, don na yi aikin kamfani a Abujan nan na bari, na yi na kwantiragi, kuma inda nake yanzu ina zama cikin masu yi wa mutane intabiyu.

Wannan faɗuwar gaban ta ranar Lahadi ka fara gano daga ina take zuwa tukuna. Don wallahi a garin nan mutane da yawa da suke cewa sun tsani aikinsu, ba aikin suka tsana ba, hanya ce ta cinye su. Mutum ya fito ana idar da sallar asuba ya tsaya bakin titi a Mararaba ana kokawar shiga mota, a zo Nyanya a tsaya cak, a ja jiki har Kugbo, kafin a kai AYA rigar da aka goge da dare ta yamutse ta jiƙe da gumi, da yamma a sake maimaita haka ya shigo gida bayan isha yara sun yi barci, matarsa ta ajiye masa abinci ya huce. Wanda yake wannan rayuwar ko wane aiki ka ba shi sai ya ji ya fita ransa. To in matsalarka kenan ka sani ofishin NGO ɗin nan ma ƙila a Maitama yake ko Jabi ko Asokoro, hanyar dai ita ce, sai dai in ƙarin kuɗin zai ba ka damar matsowa kusa ko kuma suna barin mutum ya yi wasu ranaku daga gida. Ka lura da kanka wajen ƙarfe goma na safe, ka huta ka zauna kan tebur an miƙo maka aikin: kana jin daɗinsa har yanzu? Akwai wani abu da ka iya a bana wanda bara ba ka iya ba? In amsar a'a ce kuma ta daɗe tana a'a, wannan ya fi gajiyar hanya haɗari, domin shekarunka suna tafiya amma CV ɗinka yana tsaye waje ɗaya, mu kuma wajen intabiyu muna gani, mutum ya ce shekara shida amma in ka tambaye shi sai ka ga abin shekarar farko yake ta maimaitawa.

Maganar oga kuwa ba zan ja ta ba. Oga yana canzawa, ana masa canjin waje, yana tafiya. Amma in an kai ga zagi a gaban na ƙasa da kai, ko kullum sai ka yi roƙo kafin ka je Juma'a, to mutunci ba a cinikinsa.

Sai kuɗi, kuma nan nake so ka cire kunya. Kafin 29 ga Mayu 2023, ranar da aka sanar da cire tallafin mai, litar mai a farashin gwamnati ba ta kai naira 200 ba, zuwa ƙarshen 2024 ta haura 1,000. Hauhawar farashi ta wuce kashi 30 cikin ɗari a 2024, ita kanta gwamnati sai da ta ɗaga mafi ƙarancin albashi daga 30,000 zuwa 70,000 a watan Yuli na shekarar. Kenan wanda albashinsa bai motsa ba tun 2022 rage masa aka yi, ko da alat ɗin da yake shigowa lambar ɗaya ce. Faɗin haka ba butulci ba ne ba kuma raina ni'imar Allah ba ne, lissafi ne. Amma tambayata, ka taɓa neman ƙari a rubuce? Mu mutanenmu kawaici yana cutar mu a wajen aiki, sai dai mu yi ta ƙorafi a masallacin ofis da wajen mai shayi, abokan aikinmu kuma suna shiga wajen HR, ofishin da ke kula da harkokin ma'aikata, da takarda suna fitowa da ƙari. Ka rubuta abin da kake yi yanzu wanda ba ya cikin aikin da aka ɗauke ka a kai, ka faɗi adadin da kake nema, ka nemi zama. Amsar da za su ba ka za ta nuna maka matsayinka. Wanda yake son riƙe ka zai ba ka adadi da wata ko da bai kai yadda kake so ba, wanda kuma ya ce za mu duba in abubuwa sun daidaita, ka riga ka ji amsarka.

Akwai abu ɗaya da na fi so ka yi a satin nan kafin komai, ka je wajen PFA ɗinka, wato kamfanin da ke riƙe da asusun fanshonka, ko ka buɗe manhajarsu ka ciro bayanin asusun fanshonka tun daga ranar da ka fara aiki. Dokar fansho ta 2014 ta ce ana cire kashi 8 daga naka, mai kamfani ya ɗora aƙalla kashi 10, kuma a tura cikin kwana bakwai na aiki bayan an biya albashi. A kamfanin da na bari, wani abokin aikinmu dattijo mai yara a jami'a ya je ya ciro nasa, ya dawo ofis ya shimfiɗa takardun a tebur gefe da takardun albashinsa, kowane wata an rubuta an cire fansho, amma a takardar PFA watanni a jere babu komai, fili kawai. Hannunsa har rawa yake yana bin layin da biro. Ranar ce da yawanmu muka fara neman wani wajen da gaske. Kamfanin da yake cire haƙƙinka ba ya turawa, ko albashi ya fara kaiwa goma ga wata, sha biyar ga wata ana ba ku haƙuri, wannan ba wajen da za ka tsufa ba ne, kuma kana da damar kai ƙara PenCom, hukumar da ke sa ido kan harkar fansho. In kuma ka duba ka ga komai yana shiga daidai to ka riƙe wannan a matsayin alherinsu, ba kowa ke yi ba.

Yanzu NGO. Kuɗinsu yana da daɗi gaskiya, kuma ana koyon aiki, rubuta rahoto da tsara kasafi da mu'amala da masu ba da tallafi, abubuwan da za su bi ka har gaba. Sai dai albashinka yana rataye ne da kuɗin wani aiki, in kuɗin ya tsaya kai ma ka tsaya. Kowa a Abuja ya ga abin da ya faru farkon 2025 da Amurka ta dakatar da tallafin USAID, hukumarta mai ba ƙasashen waje agaji, mutane masu manyan muƙamai suka wayi gari da takardar sallama ga kuɗin makarantar yara ga haya. Don haka kar ka ji nauyin tambayarsu: wa yake ba da kuɗin aikin, yaushe zai ƙare, kuɗin da suka faɗa kafin cire haraji ne ko bayan an cire, inshorar lafiya ta haɗa da madam da yara, suna biyan fansho ko a matsayin kwansoltan za su ɗauke ka wanda ba shi da ko ɗaya, sannan akwai tafiye-tafiye zuwa Borno ko Yobe, sau nawa. Waje mai tsari ba ya jin haushin irin waɗannan tambayoyin, mu kanmu in mutum ya yi mana su mun fi ganin girmansa.

Ra'ayina, tunda ka tambaya: in ka nemi ƙari an yi maka hanya-hanya, ga shi ba ka koyon sabon abu, to ka tafi, shekara shida ta isa. Amma sai takardar ɗaukar aiki ta shigo hannunka da sa hannu da ranar farawa, ba alƙawarin waya ba, ba wai wani ɗan uwa a ciki ya ce an gama magana ba, kar ka saki reshe ka kama ganye. Kuma in ka shiga ka ci gaba da rayuwa kamar kana kan tsohon albashi, bambancin ka dinga ware shi gefe har ka tara kuɗin hayar shekara da na abincin wasu watanni, mota da canza kujerun falo su jira. Doka ta yarda wanda ya bar aiki ya yi wata huɗu bai samu wani ba ya ciri har kashi 25 na asusun fanshonsa, amma wannan na ranar baƙin ciki ne, kar ka sa shi cikin tsari. Asusun kuma naka ne, lambar ɗaya za ka ba sabon wajen su ci gaba da zubawa.

Ga 'yan uwa ma'aikatan gwamnati da suke karantawa, naku daban ne, kar ku yi saurin ajiye aiki, ku fara bincika hutun da ba albashi ko a ba da aron ku zuwa wata hukuma.

Wajen fita ka duba takardar da suka ba ka ranar da aka ɗauke ka, yawanci notis ɗin wata ɗaya ne ko ka biya albashin wata a madadinsa, ka cika shi, ka miƙa aiki a rubuce, ka mayar da kwamfuta da katin shaida a sa maka hannu, ka yi sallama da kowa har masu gadi da masu shara ko da ranka a ɓace yake. Abuja ƙarama ce, sabon wajen za su kira tsohon oganka su tambayi halinka, mu ma muna kira.

Ka zauna da matarka ka buɗe mata lissafin gaba ɗaya da haɗarin da ke ciki, don in kwantiragin ya ƙare ba a sabunta ba tare za ku ji a jikinku, ka sanar da iyaye su sa albarka, ka yi istihara. In takardar ta fito kuma kana son a duba maka sharuɗɗan, ka rufe sunanka da na ƙungiyar ka turo min ta akwatin saƙo, in sha Allah zan karanta in nuna maka wuraren da ya kamata ka koma ka tambaye su kafin ka sa hannu. Allah Ya zaɓa maka mafi alheri.