Hukuncin sayen maganin hawan jini don kare da kyanwa, da gutsurar ƙwayar mahaifiya a ba su

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Muna da kyanwa da ta tsufa a hannunmu. Likitan dabbobi ya ce ƙodarta ta taɓu, jininta kuma ya hau, har idonta ɗaya ya fara mutuwa. Maigidana kuma yana da karen gadi da ya kama tari da haki, aka ce zuciyarsa ce. An rubuta musu magani, amma yayan mijina ya ce haramun ne a kashe kuɗi a kan kare, wai Annabi (SAW) ya hana kuɗin kare, kuma mutane ma ba su samu magani ba balle dabba. Da na ga sunan maganin kyanwar ɗaya ne da wanda mahaifiyata take sha, wato amlodifin, sai na riƙa gutsurar nata ina ba ta, wani lokaci har da karen. An kuma ce wasu ƙwayoyin dabbobi akwai hantar alade a ciki. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yar uwa, Allah ya saka miki a kan tausayinki. Sai dai maganar da kika ratsa da ita a tsakiyar tambaya kamar ba komai ba, ita ce ta fi tsaya mini a rai. Mahaifiyarki ta san ana taɓa maganinta kuwa?

Ƙwayar hawan jini a ƙirge ake ba da ita, kowace rana da tata. Duk wadda kika gutsura, rana guda kika rage wa tsohuwa, kuma tsallake wannan magani ga mai shekaru yana iya kai wa ga shanyewar ɓarin jiki. Idan ba ta sani ba, kin ci haƙƙinta. Idan ta sani ta yi shiru don kunya ko kara, hakan bai halatta miki ba matuƙar maganin zai yanke mata kafin lokaci, domin babu cuta babu cutarwa a addini. Ki daina daga yau, ki gaya mata, ki mayar mata da abin da ya ragu. In akwai kwanakin da ba ta sha ba, a sanar da likitanta.

Dabbobin ma ba gata kika yi musu ba. Amlodifin na mutane yawanci miligiram 5 ne ko 10, kyanwa kuwa ana fara mata ne da 0.625 zuwa 1.25 sau ɗaya a rana. Wannan awo ba ya fita da yatsa ko haƙori. In ya yi yawa jini zai faɗi, ƙodar da take fama ta ƙara rasa jinin da ke isa gare ta, garin neman gira a rasa ido. Na karen ya fi muni. Karen da zuciyarsa ta gaza ba lalle ne yana da hawan jini ba, magungunansa daban ne, irin su fimobendan da furosemaid da benazefiril ko enalafiril. Wanda ya yi magani alhali bai san likitanci ba, shari'a ta ɗora masa alhakin ɓarnar da ta biyo baya. Ki ba su abin da likitansu ya rubuta, a yadda ya rubuta.

Yi wa dabba magani halal ne, akwai lada a ciki. Kyanwa babu saɓani a kanta, hadisan kuma kin san su.

Maganar yayan mijinki ce take buƙatar a tsaya a kanta, saboda ba shi kaɗai ke faɗarta ba, kuma ana faɗarta da hadisi a baki har mai sauraro ya tsorata. Hadisin ingantacce ne, Bukhari da Muslim sun ruwaito shi daga Abu Mas'ud al-Ansari, cewa Annabi (SAW) ya hana kuɗin kare. To amma wane kuɗi? Kuɗin da ake karɓa in an sayar da karen. Ku ba kare kuke saye ba, magani kuke saye, likita kuke biya ladan aikinsa. Da fahimtarsa daidai ce, da abincin karen farauta ma ya haramta a saya, alhali Alƙur'ani da kansa ya halatta abin da horarriyar dabbar farauta ta kamo a Suratul Ma'ida. Ta yaya za a halatta maka riƙe dabba, a hana ka abin da zai riƙe ranta? Ko cinikin ma malamai ba su haɗu a kan hana shi ba. Hanafawa sun halatta, Sahnun kuma, cikin manyan Malikiyya, an ruwaito ya ce game da karen da aka yi izinin riƙewa zai sayar da shi ya yi Hajji da kuɗin.

Idan ya koma ya ce ai riƙe karen ne bai halatta ba, nassi ya ambaci farauta da kiwo da gona, malamai da yawa kuma sun haɗa gadin gida da su in akwai buƙata ta gaskiya. Labarin Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani sananne ne. Katangar gidansa ta faɗi, ya ajiye kare, aka tuna masa cewa Malik ya ƙi haka, ya ce da Malik ya riski zamaninmu da zaki zai ajiye. A ɗauka ma karen na ado ne, babu wata buƙata. Ragin ladan nan na ƙiraɗi, wanda hadisi ya ce ana yi kullum wa mai ajiye kare ba da buƙata ba, a kan mai shi yake, karen ba a ɗora masa shari'a ba. Laifin ajiyewa ba ya zama izinin barinsa ya shaƙe da ruwa a huhu, sai ma ya zama laifi biyu. Karen da aka shayar a bakin rijiya har Allah ya gafarta wa mai shayarwar, babu wanda ya tambayi aikin da yake yi.

Inda yake da gaskiya shi ne batun fifiko. Ciyar da iyali da maganinsu suna gaba da dabba. In kuɗin maganin kare zai fito ne daga abincin yara ko maganin iyaye, bai halatta ba, kuma kin ga a nan ke ce hujjarsa ta fara kamawa. In kuwa an sauke waɗannan haƙƙoƙi akwai rara, ba almubazzaranci ba ne, domin almubazzaranci da halin mai kashewa ake auna shi. Cewa akwai mabuƙata a duniya ba ya haramta halal, in ba haka ba da babu wanda zai sayi riga ta biyu. Na kuma lura masu wannan magana ba safai suke nuna mabuƙacin da za a kai wa kuɗin ba. Duk da haka kada ki yi jayayya da shi. Yayan mijinki ne, ki bar maigidanki ya fahimtar da shi a tsakaninsu.

Hantar alade: gaskiya ne wasu ƙwayoyin taunawa ana sa musu ɗanɗanon nama ko hanta don dabba ta karɓa, wani lokaci daga alade. Haramcin ci a kanmu yake, ba a kansu ba. A Hijr, tsohon mazaunin Samudawa, Annabi (SAW) ya umarci sahabbai su ba raƙuma ƙullin da suka kwaɓa da ruwan rijiyoyin Samudawa, Malikiyya kuma sun halatta jefa wa karnuka mushe. In akwai ƙwaya marar ɗanɗano ki zaɓe ta, in babu ki ba da wadda ta samu ki wanke hannu. Yawun kare kuwa a wurin Malik mai tsarki ne, a wurin Shafi'i najasa ce mai wanki bakwai. Ki cusa ƙwayar cikin loma ko ki sa safar hannu, kin fita daga saɓani.

Ki sani wannan magani ba na mako guda ba ne, yawanci har ƙarshen rayuwar dabbar ne, kada a tsaya don an ga ta warware. Likitoci suna ɗaukar awon jini na sama da ya kai 160 a matsayin hawa, daga 180 kuwa hatsarin ya tsananta, nan ne tantanin cikin ido ke ɓallewa kyanwa ta makance farat ɗaya. Tunda ido ɗaya ya fara, ki gaggauta don a ceci ɗayan. Karen da aka sa wa benazefiril ko enalafiril ana so a gwada jininsa bayan mako ɗaya ko biyu a ga yadda ƙoda ta karɓa. Ranar da dabba ke amai ko zawo ko ta ƙi ruwa, ki tuntuɓi likita kafin ki ƙara ba ta. Kada tausayi ya sa ki miƙa hannu akwatin maganin gida: farasitamol yana kashe kyanwa, ibufurofen yana lalata ƙodar kare da kyanwa duka. Ƙwayoyin masu ɗanɗano a ɓoye su nesa da yara da karen kansa, domin yana iya cinye kwalin gaba ɗaya.

In hali ya gaza, Allah ba ya ɗora wa rai abin da ba zai iya ba. Ci da sha wajibi ne a kanku ko yaya, magani kuwa gwargwadon iko. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a kore su titi don sun zama nauyi. A nemi wanda zai iya riƙonsu. Idan likita ya tabbatar babu sauran fata sai azaba, Malikiyya sun halatta a hutar da dabbar da aka ɗebe tsammani daga gare ta, wasu malamai sun hana. Wanda ya bi masu halattawa, to likita ya yi ta hanyar da ba wahala, ba guba ba, ba duka ba.

Wallahu a'alam.