Ƙaramin jirgin ƙasa a gida: da wane aiki zan fara?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamin makaranta ne a Ngaundere. Ƙanena da ke Faransa ya kawo mini tsarabar ƙaramin jirgin ƙasa mai aiki da lantarki, na hannu ne, an rubuta HO a jikin kwalinsa. Akwai kan jirgi ɗaya, tarago shida da layin da ke zagayowa. Na tara jaka 150, kuma ranar Lahadi da yamma kaɗai nake da sarari. Zuciyata ta rabu uku: ko in shimfiɗa babban tebur jirgin ya riƙa zagayawa, ko in ƙera tasharmu ta Ngaundere yadda take, ko in yi ɗan ƙarami a kan kanta. Wanne zan kama?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kama na ukun. Amma ka yi shi da siffar wani lungu na tashar Ngaundere, ka ga na biyun ma bai kuɓuce maka ba.

Mu fara da lokacin, don shi ne bai da ƙari. Awa 3 kowace Lahadi, a shekara ba za ta wuce awa 150 da 'yan kai ba, kafin a cire Lahadin biki, ta gaisuwa da ta duba takardun jarrabawa. Babban tebur yana cin faifan katako guda cur, santimita 122 a 244, wato kusan murabba'in mita 3 da sai ka lulluɓe da ƙasa, ciyawa da gine-gine. Kanta mai tsawon mita 1.6 da faɗin santimita 30 ba ta kai rabin murabba'in mita ba. Aikin da za ka gama kan kanta cikin wata huɗu, a tebur sai ya kai ka shekara biyu. Kuma teburin ba ya jingina da bango. Hannun mutum ba ya miƙawa fiye da santimita 60 zuwa 70 ba tare da ya ture wani abu ba, don haka dole a bar hanya ta kowane gefe, ɗaki ya tafi ke nan.

Ni da tebur na fara, shi ya sa nake jaddada maka. Watan farko kullum ina kansa. Da hunturu ya shigo, ƙura ta kwanta a kan layin, jirgin ya yi taku ɗaya ya tsaya, fitilarsa na ƙyaftawa. Wutar da ke tafiyar da shi ta cikin ƙarfen layin take bi ta shiga ƙafafunsa, ƙura kaɗan ta isa ta yanke ta. Kowace Lahadi rabin lokacina a goge-goge yake ƙarewa. Kafin damina ta fita gara ta hau ta ƙafar teburin da ke kusurwa, ban ankara ba sai da na dafa katakon ya lotsa. Ran nan na yi baƙin ciki ƙwarai. Ku a tudun Adamawa kuna da sauƙi a kan mutanen Garwa da Marwa, amma ƙura tana zuwa muku, ga damina mai tsawo da ke kumbura katako. Kanta kuwa kafinta zai yi mata murfi, ka gama wasa ka rufe.

Batun ƙera tashar gaba ɗaya, na san abin da ke jan ka. Tun da layin ya iso Ngaundere a 1974 nan ne ƙarshensa, bayan tafiyar sama da kilomita 600 daga Yawunde, kuma daga nan manyan motoci ke ɗaukar kaya zuwa Garwa, Marwa, Kusiri har Njamena, tunda Cadi ba ta da layin dogo. Tasha ce mai rai. Sai dai lissafi ba ya goyon bayanka. Ma'anar HO ita ce an rage komai sau 87, don haka fili mai tsawon kilomita ɗaya zai ci mita 11 da rabi a gidanka. Akwai kuma abin da mutane ba sa lura da shi. Layin Kamaru faɗinsa mita ɗaya ne cif. Layin da ke kwalinka, mai tazarar milimita 16.5, kwaikwayon layin Turai ne mai milimita 1435. Wanda ya dace da namu ana kiransa HOm, tazararsa milimita 12, kayansa ba su da yawa, suna da tsada, galibinsu kuma siffar jiragen Suwizalan ne. Jakarka 150, da kuɗin aikowa da na duwan, za ta iya narkewa a kan jirgi guda.

Ga dabarar da nake so ka riƙe. In ka ɗauki layin nan naka a matsayin mai faɗin mita ɗaya, ragin ya koma kamar sau 60. Ƙananan motocin wasa na ƙarfe, irin su Matchbox da Hot Wheels, an rage yawancinsu ne wajen sau 64, kusa ƙwarai. To ka bar ƙafafu da ƙasan taragun yadda suke, ka cire jikinsu na Turai, ka gina musu sabon jiki da kwali mai kauri, ɗan girma kaɗan, a siffar taragun da kake gani kullum: na shanu, na mai, na kwantena. Mutum zai zama kamar santimita 2.7. Wanda ya taso yana ƙera motar kara da ta langa-langa, wannan ba baƙon aiki ba ne a hannunsa. In kuma ba ka son taɓa tsarabar ƙanenka, bar su haka nan ka yi musu fenti kawai, babu laifi.

Kada ka ɗauka jirgin da ba ya zagayawa ba shi da daɗi. Wani Bature ɗan Ingila, Alan Wright, ya shahara da tsarin da ake kira Inglenook: layi ɗaya ya rabu uku, guda na ɗaukar tarago 5, biyun kowanne 3, sai wutsiyar da kan jirgi ke ja da baya, mai ɗaukar shi da tarago 3. Taragu 8 ake zubawa, a yi ƙuri'a a fitar da 5, a ce ka jera su bi da bi yadda suka fito. Jeri 6,720 ne ke iya fitowa. Irin aikin da ma'aikatan tasha ke yi ke nan in suna haɗa jirgin kaya, kuma ɗalibanka za su yi ta gardama a kansa kamar masu dara. Abin da za ka saya kaɗan ne: mararraba biyu, wato guntun layin da ke rabuwa, tarago biyu, da miƙaƙƙen layi kamar mita 3.

Kafin ka aika a sayo komai, juya kan jirgin ka duba cikinsa. In akwai wani siririn ƙarfe mai santsi a tsakanin ƙafafun, tsarin kamfanin Märklin ne, layinsa daban, wutarsa daban, ba ya haɗuwa da tsarin gama-gari na kamfanoni irin su Roco, Piko ko Jouef. Sannan ɗora maganaɗisu a kan layin. In ya kama, baƙin ƙarfe ne irin na tsofaffin saiti, zai yi tsatsa da damina. A nan ne kuɗinka ya cancanci fita: sayi sabon layi na farin ƙarfen da maganaɗisu ba ya kamawa. Wajen haɗa su ka bar tazara kamar kaurin farce, saboda ƙarfe na miƙewa da zafin bazara. Goge shi da tsumma da ɗan sifirit, ban da sanfefa.

Wuta kuma, in tsarinka na gama-gari ne, bai wuce bolt 12 ba, don haka batirin sola zai tafiyar da shi ko an ɗauke lantarki. Mai gyaran rediyo zai haɗa maka ɗan abin rage gudu da makunnin juya gaba da baya. Roƙona ɗaya, kada ka jona batir kai tsaye. Sa fis, ko kwan birkin mota a kan waya ɗaya, don in tarago ya kauce ya haɗa ƙarafan biyu, kwan ne zai kama maimakon waya ta ƙone. Na'urorin zamani masu tafiyar da jirage da yawa a layi ɗaya, bar su tukuna, kai mai kan jirgi guda.

Sauran kayan a ƙofar gidanka suke. Jar ƙasar Ngaundere ka tankaɗe ta da rariya, ka soya ta a tsohon kasko don kashe ƙwari, ka bi ta da maganaɗisu ya tsince ɓurɓushin ƙarfe kada ya shige injin. Barbaɗa ta, ka ɗiga farin gam na kafinta da aka sirka da ruwa da ɗigon sabulu. Itatuwa, murɗaɗɗiyar waya ce da soso. Ƙafafun kantar kada su taɓa ƙasa, kafa ta a bango da ƙarfe.

Lahadin nan mai zuwa kada ka kashe ko sisi. Je tasha da littafi da fensir, ka nemi izini kafin ka ɗauki hoto, ka zaɓi lungu ɗaya, ko inda ake loda shanu ko bakin sito. Da ka dawo, shimfiɗa takardar buhun siminti a ƙasa, ka jera taragunka a kai ka auna tsawon guda 5, ka ƙara da na kan jirgi da tarago 3 da na mararraba, don wannan awon ne kafinta zai yanka katako da shi.