Sauti Yana Makara Idan Na Danna Kibod

Tambaya: Malam, kibod ɗina na kiɗa yana da katin sauti a cikinsa. Na haɗa shi da kwamfuta ta wayar USB, amma sai na danna sannan sautin ya biyo baya. Ina gyaran?

Amsa: Malam, yawanci laifin direba ne, wato ƙaramar manhajar da ke sa kwamfuta ta yi aiki da katin sauti. A Windows, sauke direban ASIO (nau'in direban sauti mai rage jinkiri) na kamfanin kibod ɗin, ka zaɓe shi a manhajar kiɗanka. Mac ba ya buƙatar wannan.

Sai girman bafa, inda aikin yake: bafa ita ce ma'ajiyar da kwamfuta ke tara gutsattsarin sauti a ciki kafin ta fitar da su. A 44.1 kHz (gutsuren sauti 44,100 a sakan ɗaya), bafa mai gutsure 512 tana jawo jinkirin kusan milisakan 12 (milisakan dubu ne sakan ɗaya), kuma yatsa yana jin hakan. 128 kuwa kusan milisakan 3 ne. Fara da 128. Idan sauti ya soma ƙaraf-ƙaraf, kwamfutar ce ta gaza cika bafar a kan lokaci, sai ka koma 256.

Idan kana jin sauti biyu a dannawa ɗaya, kashe Local Control a saitin kibod, wato saitin da ke sa kibod ya fitar da nasa sautin kai tsaye idan an danna.

Soka USB kai tsaye a jikin kwamfuta, kuma sa abin kunne mai waya a jikin kibod. Na Bluetooth kam, jinkirinsa kaɗai ya isa ya ɓata duk gyaran nan.