Tambaya da Amsa: Kebul ɗin Eriya da na Dish, Inda Sigina Ke Zubewa a Hanya

Daga Riyad: Assalamu alaikum. Rautar 4G ɗina ba ta kamawa sosai a ɗaki, sai na sayi eriya a kasuwar Batha na kafa a saman bene, na jawo ta da siririn kebul mai tsawon mita 15, an rubuta RG58 a jikinsa. Maimakon intanet ta ƙaru sai ta ragu. Ko jabun eriya aka sayar mini?

Wa alaikumus salam. Malam, da wuya laifin eriya ne, kebul ɗin muke zargi. Irin wannan kebul, wato mai zare ɗaya a tsakiya, sai farin roba, sai ragar ƙarfe da ta lulluɓe su, yana shanye wani kaso na sigina a kowace mita, kuma gwargwadon hawan firikwensi, wato saurin kaɗawar sigina da ake aunawa da MHz ko GHz, gwargwadon abin da yake sha. Ana auna asarar da dB. Asarar dB 3 na nufin rabin ƙarfin ya tafi, dB 10 kuwa kashi ɗaya cikin goma ne kawai ya iso.

Yawancin 4G na kamfanonin sadarwar Saudiyya, wato STC da Mobily da Zain, yana tafiya ne tsakanin MHz 1800 da 2600. A wannan zango RG58 yana cin kusan dB 1 a kowace mita. Mita 15 ɗinka sun cinye fiye da dB 10, alhali ƙarin da irin waɗannan faifayen eriya ke bayarwa bai cika wuce hakan ba. Tamkar ɗibar ruwa ne da hudajjen guga: kafin a iso ƙasa babu komai a ciki. Da 5G ce ma, wadda ke aiki a wajen GHz 3.5, da asarar ta fi haka muni.

Idan lallai sai ka bar rautar a ɗaki, nemi kebul mai kauri irin LMR-400, wanda kaurinsa ya kai milimita 10. A tsawon mita 15 abin da zai ci bai wuce dB 3 da ɗan ɗoriya ba. Amma yana da tauri, kada ka ɗaura shi kai tsaye a bayan rauta, zai ɓalle bakin. A sa masa kai irin N, sannan a haɗa da ɗan guntun kebul mai laushi na santimita 20 zuwa 30 wanda zai shiga rautar. Ka duba bakin rautarka da kyau kafin ka je kasuwa: wasu SMA ne mai zare kamar noti, wasu TS-9 ne da ake turawa kawai. Akwai kuma RP-SMA na eriyar Wi-Fi, wanda zai ɗauru tsaf a kan SMA amma babu allurar da za ta taɓa a ciki, sigina ba za ta wuce ba sam. Sannan in rautar na da baki biyu, kebul biyu take so, kuma tsawonsu ya zama ɗaya.

A ganinmu dai hanyar da ta fi ita ce a rage kebul ɗin eriya, a tsawaita na intanet. Kai rautar kusa da eriya, a ɗakin ƙarshe na matakala ko wani wuri mai inuwa da iska, da kebul mita 2 ko 3, sai ka sauko da kebul ɗin Cat6 zuwa ɗakinka. Shi yana kai mita 100 ba tare da saurin ya ragu ba. Kada dai ka bar rautar cikin gida a rana. Zafin Riyad zai gama da ita.

Daga Shari' Mansur, Makka: Muna hawa na ɗaya, dish ɗinmu na Nilesat yana can sama. Wasu tashoshi suna fitowa tas, wasu kuma sun ɓace gaba ɗaya. Mai gyara ya saita dish har sau biyu, ba ta canza ba.

Hajiya, wannan alama ce da ke nuna kebul, ba saiti ba. Kebul ɗin dish aiki biyu yake yi: yana sauko da sigina tsakanin MHz 950 da 2150, yana kuma hawa da wuta daga risiba zuwa LNB, wato kan nan da ke gaban faifan. Risiba na tura bolt 13 don tashoshin da siginarsu ke tsaye, bolt 18 don na kwance. Idan kebul ya yi tsawo, kuma zarensa na tsakiya ƙarfe ne da aka yi wa fentin jan ƙarfe, ko kan kebul ɗin ya yi tsatsa, sai bolt 18 ɗin ya zube a hanya, LNB ya ɗauka 13 aka turo. Shi ke nan rukunin tashoshi guda ya ɓace, ɗayan yana nan lafiya.

A gwada da maganaɗisu: in ya manne wa zaren tsakiya, ƙarfe ne. A gajeren zango ba ya cutarwa, amma a dogo a nemi RG6 mai zallar jan ƙarfe da raga mai yawa. In tafiyar ta haura mita 50, RG11 ya fi. RG59 kuwa a bar wa kyamarorin tsaro.

Kafin a sauya kebul, a fara sabunta kawunan, don sau da yawa nan matsalar take. A cire risiba daga wuta tukuna. A fere milimita 6 har zaren tsakiya ya fito tsirara, a ƙara fere milimita 6 na rigar waje kaɗai, a naɗe ragar baya, a tura kan F, wato irin kan da ake sa wa kebul ɗin dish, har farin roba ya daidaita da gindinsa, zaren ya leƙo kamar milimita 2. Silin raga ko ɗaya kada ya taɓa zaren tsakiya, in ya taɓa wutar LNB za ta haɗe, hoto ya ɗauke ɗungurungum. Kan da ake matsewa da filaya ta musamman ya fi wanda ake murɗawa da hannu nesa ba kusa ba.

Daga Jidda: Duk shekara sai kan kebul ɗina na waje ya yi kore ya lalace.

Laimar teku da gishirinta ne, ɗan'uwa. Da zarar danshi ya shiga raga, yana bin ta ciki har mita da yawa, don haka yanke har sai ka ga raga mai sheƙi. Naɗe sabon kan da tef ɗin roba mai narkewa ya haɗe da kansa, ka rufe da baƙin tef na lantarki. Bar kebul ya ɗan lanƙwaso ƙasa kafin ya shiga bango don ruwa ya ɗiga a waje. A waje kuma baƙin kebul mai jure rana ake sawa, farin na cikin ɗaki yana tsattsagewa. Wajen kwana kada ka karya shi. Lanƙwasa mai faɗi, kamar ninki goma na kaurinsa.

Daga Madina: Ina da ragowar kebul ɗin dish, zan iya sa wa eriyar rauta?

Zai yi aiki, amma ba yadda ya kamata ba. Na dish da talabijin om 75 ne, na rauta da oba-oba om 50 (om ma'aunin tsayayyar da kebul ke yi wa sigina ne). Rashin daidaiton yana mayar da wani ɓangare na sigina baya, kodayake asarar da wannan kaɗai ke jawowa ba ta kai dB 1 ba. Babbar wahalar ita ce kawunan: SMA ba ya zama a kan RG6, sai ka jera adafta, kowace da tata asarar da wurin kwancewa. Don gwaji na mita kaɗan babu laifi. In aikin dindindin ne, sayi na om 50 wanda aka riga aka sa wa kawuna daga kamfani, ka kuma sa mai shago ya auna maka shi da na'urar awon wuta: tsakiya zuwa tsakiya ya haɗu, raga zuwa raga ta haɗu, tsakiya da raga kuwa kada su haɗu.